Magana A Kan Iyaka

Ya ku malamai da fatake, ku sani iyaka abu ce mai asali cikin halitta. Zaki yakan shata dajinsa da ruri da fitsari, wani namiji ba ya shiga sai da faɗa. Manomi yakan dasa gamba tsakaninsa da maƙwabcinsa don kada 'ya'yansu su tsaya gaban alƙali. Magabata sun keɓe hurumi a bayan gari, sun bar burtali don shanu su wuce ba su ci shuka ba. Duk wannan iyaka ce ta maslaha, masu wurin ne suka san dalilinta.

Amma iyakar da ke tsakanin Nijeriya da Nijar, Turawa ne suka yanke ta. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda, daga Sayi a bakin Kwara har Baruwa a gefen tafkin Cadi. Suka sake shi a 1898 da 1904 da 1906, domin Faransa tana neman hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Ba a shawarci talakan Katsina ko na Maraɗi ba, alhali kuwa sarautar Maraɗi reshen Katsina ce. Gobirawa ma aka raba su, wasu Sabon Birni, wasu Tsibiri.

Wanda ya fi sanin nauyin wannan layi shi ne falke. Da aka rufe iyaka a 2019, ba a buɗe ba sai ƙarshen 2020. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari suka yi sanyi, albasa ta ruɓe cikin motoci, zumunci ya koma sai ta ɓarauniyar hanya.

Ku dubi shamuwa. Tana zuwa da damina, ta koma da kaka, ba ta da fasfo, amma ba ta kwana a sheƙar wata. Hakki ne a kan hukuma ta tsare iyakarta daga ɓarayi da masu fataucin makamai. Hakki ne kuma a kanta kada ta toshe wa mai jaki hanyar kasuwar da kakansa ya ci. Allah Ya ba shugabanni basirar rarrabe tsakanin biyun, amin.