Madubin Bindigar Tsaron Gona: Tsayayye Ko Mai Juyi?

Bayan fari da tsutsa da tsuntsaye, manomi yana da waɗansu abokan gaba kuma, watau namun daji. A ƙasar Hausa gyado da birai su ne suka yi suna wajen ɓarna. A Jamus kuwa aladen daji ne. Garke ɗaya nasu in ya faɗa gonar masara da dare, sa'ad da ta yi goyo ƙwayar tana da ruwa-ruwa, kafin gari ya waye sai a tarar da karan kwance kamar an yi iska. Su kan tone dankali, su kuma birkice makiyaya da hancinsu kamar an bi da garma.

Dokar farauta ta Jamus, wadda aka kafa cikin 1952, ba ta bar manomi da hasara shi kaɗai ba. Ƙungiyar masu filayen yankin ita ce za ta biya shi diyya, ita kuma galibi ta kan ɗora nauyin a kan maharbin da ya karɓi hayar farautar wurin. Ke nan maharbin da ya yi sake, aljihunsa ne zai biya. A shekarar farauta ta 2019 zuwa 2020 an harbe aladen daji fiye da 880,000 a ƙasar. Mutanen da ke irin wannan aiki tilas su san kayan aikinsu, abin da suka gano game da madubin da a ke ɗaura wa bindiga kuwa ya isa a koya.

MA'ANAR LAMBOBIN

Madubin bindiga wani bututun ƙarfe ne mai gilasai a ciki. In maharbi ya leƙa sai ya ga dabba ta matso kusa, ya kuma ga waɗansu siraran layuka biyu sun gicciya. Inda suka haɗu, nan harsashi zai faɗa, muddin an saita madubin daidai. Iri biyu ne. Akwai tsayayye, wanda ƙarfinsa ɗaya ne, ba ya sakewa. Akwai kuma mai juyi, wanda ke da zobe kusa da ido, in an murɗa shi ƙarfin ya ƙaru ko ya ragu.

Kowane madubi da lambobi a jikinsa. In an rubuta 4x32, lambar farko tana nufin ya kan jawo abu kusa ninki 4, watau dabbar da ke nisan mita 200 sai a gan ta kamar tana mita 50. Lamba ta biyu faɗin gilashin gaba ne, milimita 32. In kuwa an rubuta 3-9x40, to, mai juyi ke nan, daga ninki 3 har ninki 9, gilashin gabansa milimita 40.

ABIN DA ƘARFI KE CI

Sabon mai saye ya kan zaci madubin da ya fi jawowa shi ya fi kyau. Amma fa kowane ninki da aka ƙara akwai abin da ya ke ci, abubuwa uku ne.

Na farko, fili. Madubin 3-9x40 in yana kan 3, a nisan mita 100 ya kan nuna fili mai faɗin wajen mita 11. In an murɗa shi zuwa 9 filin ba ya kai mita 5. In dabbar ta ɓullo a mita 25 kuma, abin da madubin zai nuna bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, bai ma kai tsawon babban alade ba. Gashi kawai maharbi zai gani, bai san gaba ba, bai san baya ba. Abin da ya fi wannan muni, ba zai ga abin da ke gefen dabbar ba, ko kare ne, ko saniya, ko mutum.

Na biyu, natsuwar hannu. Madubi yana girmama dabba, yana kuma girmama rawar hannu da numfashi da bugun zuciya. Mutumin da ke tsaye ba tare da ya ɗora bindiga bisa wani abu ba, in ƙarfin ya yi yawa sai ya ga gicciyen yana ta lilo a jikin dabbar. Daga nan sai ya fizgi kunama da gaggawa don kada gicciyen ya wuce, harbi ya ɓaci.

Na uku, haske. In an riƙe madubi nesa da fuska kaɗan aka dubi gilashin baya, za a ga wani ɗan da'irar haske. Ta nan ne duk hasken ke bi ya shiga ido. Lissafin faɗinsa da sauƙi: a raba lamba ta biyu da ta farko. Na 4x32 milimita 8 ne. Na 8x56 milimita 7 ne, haka na 6x42. Na 3-9x40 in yana kan 9 bai kai 4 da rabi ba. To, ƙwayar idon mutum da rana tsaka ta kan tsuke zuwa milimita 2 ko 3, saboda haka kowane madubi ya isa. Cikin duhu kuwa ta saurayi ta kan buɗe har wajen milimita 7, ta dattijo wajen 5. Madubin da haskensa bai cika ƙwayar ido ba, da magariba sai ya dushe. Magariba da asuba kuwa su ne lokutan fitowar masu ɓarna.

TSAYAYYE

Tsayayyen madubi gilasansa kaɗan ne, abin da ke motsi a cikinsa kaɗan ne, ƙofofin da ƙura da raɓa za su shiga su ma kaɗan ne. Ya fi sauƙin nauyi. In an ajiye madubi biyu masu kuɗi ɗaya, galibi tsayayyen ya fi kyan gilashi, domin kuɗin da za a kashe wa zobe an kashe shi wajen gilashin.

Yana da wani amfani kuma wanda ba a cika lura da shi ba. Da ya ke kullum girman da ya ke nuna abu ɗaya ne, idon maharbi ya kan saba. In ya ga yadda dabba ta cika madubin, nan da nan ya san ko tana kusa ko ta yi nisa. Ba shi kuma da abin murɗawa sa'ad da ya kamata hankalinsa ya koma ga harbi. Wani madubi mai ninki 4, Weaver K4, wanda aka fara ƙerawa a Amurka cikin shekarun 1940, ya daɗe yana cikin waɗanda maharban barewa na can suka fi riƙewa, sun kuwa ci nama da shi.

Aibinsa shi ne aiki ɗaya ya iya. Mai ninki 8 ba ya da amfani cikin kurmi. Mai ninki 4 kuma ya kan gaza in dabbar ƙarama ce kuma tana nesa.

MAI JUYI

Jamusawa sun ƙera madubi mai juyi tun cikin shekarun 1920, amma maharba sun daɗe ba su yarda da shi ba. Na farkon su kan yi hazo a ciki, saitinsu ya kan goce in an murɗa zoben, gicciyen kuma ya yi kauri har ya rufe dabbar. Daga baya aka koyi fitar da iskar ciki a ɗura naitirojin a toshe, hazo ya kau. Farkon shekarun 1960 kamfanonin Amurka kamar Redfield da Leupold suka fitar da masu 3 zuwa 9 waɗanda a ke iya dogara da su. Yau galibin madubin da a ke sayarwa masu juyi ne, masu kyau daga cikinsu kuwa ba su da abin kushewa wajen ƙarfi ko haske.

Amfaninsa a fili ya ke: bindiga ɗaya, madubi ɗaya, a shiga kurmi da shi, a fito fako da shi. Amma akwai abin lura. Na araha har yanzu saitinsu ya kan goce tsakanin ƙaramin ƙarfi da babba. Waɗansu kuma in an kai su ƙarshen ƙarfinsu sai mutum ya matso da ido kusa kafin ya gani sosai. Tazarar da ta kamata tsakanin ido da madubi wajen santimita 8 zuwa 10 ce. In ta ragu, bindiga mai ƙarfi in ta tokaro baya sai bakin madubin ya fasa gira.

Babban aibin kuwa na mai riƙon ne. Ya kan kai zoben 9 don ya dubi wani abu daga nesa, ya mance bai mayar ba, sai dabba ta ɓullo kusa ya rasa ta cikin madubin. Ƙa'idar gwanaye ita ce, kullum a yi yawo da zoben a kan mafi ƙanƙantar lamba. Dabbar da ke nesa ta kan ba da damar ƙarawa. Wadda ke kusa ba ta ba da damar ragewa.

YADDA JAMUSAWA SU KE ZAƁE

Farautar aladen daji a can iri biyu ce, kowace da madubinta. Ta farko ita ce kwanto. Maharbi ya kan hau wata 'yar rumfa da aka kafa bisa dogayen dirkoki a bakin gona, ya zauna cikin farin wata yana jira. Ya riga ya san nisan bakin daji daga rumfarsa, bindigarsa tana ɗore bisa katako, dabbar kuma tsaye ta ke tana ci. A nan fili ba shi ne damuwa ba, haske ne. Shi ya sa tsayayyen 8x56 ya yi shekaru da yawa yana sarauta a wannan aiki. Hawa rumfar ma da dalili, domin harbi daga sama ƙasa ya ke nufa, harsashin da ya kuskure sai ya nutse cikin ƙasa. Cikin 2020 aka sassauta dokar makamai ta ƙasar, maharba suka sami damar ɗaura wa madubi na'urar gani cikin duhu, gwargwadon yadda dokar farauta ta kowace jiha ta yarda. Tun daga nan ba lalle sai an jira farin wata ba.

Ta biyu ita ce farautar kora, wadda a ke yi da rana cikin kaka da hunturu. Masu kora da karnuka su kan shiga daji, maharba na tsaye a wuraren da aka ba su, aladu su fito a guje, sau da yawa ba su wuce mita 50 ba. A nan madubi mai 1 zuwa 4 ko 1 zuwa 6 a ke so, a bar shi ƙasa ƙasa, a yi harbi ido biyu buɗe.

Wanda ke yin duka biyu da bindiga ɗaya, ko dai ya sayi madubi biyu yana sauyawa, ko kuwa ya nemi mai juyi kamar 2.5-10x56 ya haƙura da nauyinsa. Abin lura shi ne ba wanda ya fara da tambayar wane madubi ya fi. Kowa ya kan fara da tambayar nisan da zai yi harbi, da irin hasken lokacin, da ko dabbar tsaye ta ke ko a guje.

GWAJI

Wanda ya sayi mai juyi, ya kafa takarda a mita 100 gaban tudu, ya ɗora bindiga bisa buhun yashi, ya harba uku a ƙaramin ƙarfi, uku a babba. In rukunin biyu sun faɗa wuri ɗaya, madubin na ƙwarai ne. In sun rabu, a mayar wa mai shi. Kowane iri ne kuma, a gwada shi da magariba, domin da rana duk madubi kyakkyawa ne. A kuma lura da ƙafafun da ke riƙe shi bisa bindiga. In sun yi sako-sako, kome tsadar madubin harbi ba zai tafi daidai ba.

A ƘASAR HAUSA

Duk wannan bayani ya shafi bindiga mai harsashi guda mai cin dogon zango ne. Bindigar toka da mai watsa ƙwayoyin dalma ba su bukatar madubi, domin aikinsu na kusa ne, mai watsa dalma ba ta wuce wajen mita 40. Wanda ya ɗaura musu madubi ya zubar da kuɗinsa. A Nijeriya kuma Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba lasin, cikin 2023 ma 'yan sanda suka ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin. A gandun daji kamar na Yankari farauta haramun ce ɗungum. Manomin da namun daji suka dame shi, ya kai kuka ga ma'aikatan gandun daji tukuna.

Ga wanda doka ta ba izini kuwa, yanayin ƙasar ya fi son ƙaramin ƙarfi. Da damina dawa da ciyawa su kan yi tsawo, ba a hangen nesa. Da hunturu ga hazo da ƙura mai shiga kowace kafa. Da bazara kuma babban ƙarfi ba abin da ya ke girmamawa sai kawalwalniya. Mai gyaran madubi ma ba shi da sauƙin samu. Saboda haka mai tsaron gona ɗaya, wanda ya san nisan harbinsa, tsayayye mai ninki 4 ya ishe shi. Wanda ke yawo daga kurmi zuwa fako, mai juyi ɗan madaidaici kamar 2 zuwa 7 ya fi masa. Mai kuɗi kaɗan kuwa ya tuna araha ba ta ado: tsayayye mai kyau ya fi mai juyi na banza.

Kowanne aka zaɓa, kada a yi leƙe da madubin bindiga don a ga mene ne ke motsi, domin duk inda madubin ya duba nan bakin bindiga ya duba. Madubin hangen nesa na hannu shi ne na wannan aiki. Harsashin irin wannan bindiga yana iya tafiyar fiye da kilomita 3, gonaki kuwa ba su rasa mai ciyawa ko yaro mai kiwo. In ba a ga dabbar sarai ba, ba a kuma ga abin da ke bayanta ba, a sauke bindiga. Masarar da aka ci a kan sake shuka wata baɗi.