Sinadarin Mazakuta da Ƙwayar Furostet: Abin da Ya Kamata Magidanta Su Sani

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wata ƙwaya mai girman goro, wadda likitoci ke kira furostet. Hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta, aikinta kuwa shi ne haɗa wani sashe na ruwan maniyyi.

Yadda take sarrafa abinci

Maraina ne ke samar da sinadarin mazakuta, wato testosteron. Idan ya iso furostet, sai ta juya shi zuwa wani mafi ƙarfi mai suna DHT, wanda ke ba ta umarnin girma da aiki. Sauran sassan jiki kan mayar da sukari sitiret, ɗan'uwan tsamin lemun tsami, sannan su ƙone shi su sami kuzari. Ita furostet adana nata take yi. Bisa umarnin sinadarin mazakuta takan tara zinki mai yawa, zinkin ya hana ƙonewar, sai ta zuba sitiret ɗin cikin maniyyi.

Idan ciwon daji ya shiga

A nan tsarin ke juyewa. Zinki ya ragu, ƙwayoyin cutar su shiga ƙona sitiret da ƙera kitse domin su yaɗu, sinadarin mazakuta kuma yana iza musu wuta. A 1941 Charles Huggins, wani likita a Amurka, ya nuna cewa rage wannan sinadari na lafar da cutar. Aikin ya kai shi ga lambar Nobel a 1966, kuma har yau ana magani ta wannan hanya.

Abin yi

Dajin furostet ya fi kama maza 'yan asalin Afirka, kuma yakan fara ba tare da wata alama ba.

Kada ku sha ko ku yi allurar testosteron ba da izinin likita ba. Ku guji maganin ƙarfin maza da ba a san haɗinsa ba, ko a kasuwar Aboabo ne ko a hanyar fatauci.

Wanda ya kai shekara 45, ko aka taɓa samun cutar a jikin mahaifinsa ko ɗan'uwansa, ya nemi shawara kan gwajin jini na PSA a Asibitin Koyarwa na Tamale.

Yawan tashi fitsari da dare ko fitarsa da ƙyar sau da yawa kumburin tsufa ne kawai, amma likita ne zai tantance. Jini a fitsari kuwa ba ya jira.

Uwargida, idan kin lura maigida na yawan fita da dare, ki ƙarfafa masa gwiwa ya je asibiti. Rigakafi ya fi magani.