Inuwa a Kan Dusar Ƙanƙara

A hunturun 1868 zuwa 1869, mai zane Claude Monet ya fita karkara kusa da Etretat, a arewacin Faransa, ya zana shinge cikin dusar ƙanƙara, da wani tsuntsu dangin hankaka a bisa ƙyaurensa. Sunan hoton La Pie.

A zamanin, an saba zana inuwa da launi mai duhu. Shi kuwa Monet, da yake a fili yake aiki cikin sanyi, sai ya lura inuwar shingen shuɗiya ce, domin hasken shuɗin sama ne yake sauka a kanta. Haka ya zana ta.

Alƙalan babban baje kolin zane na Paris na 1869 suka ƙi karɓar hoton. Yau yana rataye a gidan tarihi na Orsay.