Dagwalon Sharaɗa da Challawa: lissafin da ke hana saƙon sensa makara

Mai karatu, idan ka taso daga Na'ibawa ka miƙi titin Zariya, za ka iske gadar Tamburawa, kusa da inda kogin Challawa ke haɗuwa da kogin Kano. A wajen nan ne ake ɗibar wani kaso mai tsoka na ruwan famfon birnin Kano ana tacewa. A saman wannan kogi kuma akwai rukunin masana'antu na Challawa mai cike da kamfanonin jimar fata, ga dagwalon Sharaɗa da ke biyo rafin Salanta ya faɗa cikinsa. Na Bompai kuwa Getsi yake bi, ya shiga Jakara, ya zarce dam ɗin Wasai, masu lambu na ban ruwa da shi a hanya.

Ruwan jima yana ɗauke da gishiri mai yawa da sinadarin kuromiyum. Tun 2007 aka kafa hukumar NESREA don sa ido kan irin wannan, amma ma'aikaci ba zai kwana a bakin magudana ba. Sensa za ta iya. Sensa 'yar na'ura ce mai batir da ake tsomawa a ruwa, ta auna tsami ko yawan gishirinsa, ta tura sakamakon ta wayar iska zuwa wata uwar tasha, daga nan ya faɗo wayarka. Wayar hannunka ma cike take da su. Sensa ce ke juya maka allo idan ka karkata ta.

Aunawa ba ta da wuya, isowar saƙo a kan lokaci ce ke da ita. Kuma ruwan ne ke yanka wa'adin. Mu ɗauka yana gudun rabin mita a sakan ɗaya, kuma tsakanin sensa da bakin famfon ɗiba kilomita 3 ne. Kana da minti 100 ke nan. A cikin kamfani kuwa, inda ake son rufe bututu kafin dagwalo ya fice, wa'adin 'yan sakan ne kacal.

Yanzu a ce mun dasa sensa 100, duka a kan zangon rediyo guda, da fasahar LoRa wadda matasa masu haɗe-haɗe ke so saboda arha da cin nisan kilomitoci. A tsarin LoRaWAN kowace sensa magana take yi lokacin da ta ga dama, kamar 'yan a-daidaita-sahu a shatale-tale ranar da babu mai ba da hannu. Idan saƙo biyu suka yi karo, ana iya rasa duka biyun. Wannan salo ya samo asali daga ALOHA, tsarin da Norman Abramson da abokan aikinsa suka kunna a Jami'ar Hawaii a 1971, kuma lissafinsa sananne ne: komai ƙoƙari, abin da ke wucewa lafiya ba ya haura kusan kashi 18 cikin 100 na ƙarfin zangon.

Bari mu saka namu alƙaluman. A saitin da ya fi cin nisa, ɗan gajeren saƙo kan ɗauki sama da sakan ɗaya a iska; mu bar shi a sakan ɗaya. Idan kowace sensa na turawa duk minti, lissafin ALOHA ya ce ƙasa da saƙo 4 cikin 100 ne za su tsira. Mayar da shi duk minti 10, sai ya tashi zuwa kusan 72. Ko kuma ka ƙara uwar tasha kusa, ka koma saitin sauri mai milisakan 60 (milisakan ɗaya bisa dubu ne na sakan), sai ka samu kusan 82 ko da duk minti ake turawa. A zahiri LoRaWAN na da zanguna da yawa, abin ya fi haka sauƙi, amma ka ga yadda takarda da biro suka tona matsalar tun ba a kashe ko kwabo ba.

A ganina, nan ne yawancinmu masu rubuta manhaja ke yaudarar kanmu. Sai a gwada sensa biyar a ɗaki, a ga saƙo na zuwa nan take, a ce aiki ya yi. Matsakaicin jinkiri ba ya faɗa maka komai game da daren da aka saki dagwalo, sensa talatin suka yi ihu lokaci guda. Tambayar da ta dace ita ce: mene ne mafi munin jinkiri? Akwai reshen lissafi na musamman don wannan, wanda Rene Cruz ya aza harsashinsa a 1991, Jens Schmitt da Utz Roedig suka daidaita shi da sensa a 2005. Kana ba shi iyakar abin da kowace na'ura za ta iya turawa da mafi ƙarancin abin da hanya za ta iya ɗauka, ya ba ka jinkirin da ba za a wuce ba.

Masana'antu kan bi tsarin layi, irin na tashar mota. A WirelessHART da ya fito a 2007, an yanka lokaci gunduwa-gunduwa, milisakan 10 kowanne, kowace sensa da nata, kuma ana sauya zango a kai a kai don kauce wa katsalandan. Sensa 100 da ke jin uwar tasha kai tsaye za su gama zagaye a sakan ɗaya. Ko saƙo ya ɓace sau biyu, gwaji na uku zai kammala cikin sakan 3.

Sai dai bai da nisan LoRa, kuma dole agogunan su zama ɗaya. Idan agogo biyu suka bambanta da kashi 30 cikin miliyan, za su rabu da milisakan ɗaya a cikin sakan 33, don haka sai an riƙa daidaita su, wannan kuma batir yake ci. Zafin watan Afrilu a Kano, da kan haura digiri 40, yana ƙara karkatar da agogo, ƙurar hunturu kuma ta lulluɓe farantin sola. Duk waɗannan suna shiga lissafi.

Da ni zan tsara, tsarin layi zan sa a cikin harabar kamfani, LoRa kuma a bakin Salanta da Getsi inda wa'adin ke da tsawo, in ware wa saƙon gaggawa zangonsa daban. Mai son gwadawa, layi 30 na Python a Pydroid 3 a kan wayar Android sun isa ya kwaikwayi karon sensa 100, ya ga ko zai samu 72 ɗin nan.