Tabo ne ko Halitta? Duba Katako Kafin Ka Goge

Jama'a masu saurare, musamman 'yan kasuwarmu da ke ɗauko tsofaffin kujeru da tebura daga Matamma zuwa Gallabat, da makiyaya masu sayen angarib: ba kowane tabo a jikin katako ne aibi ba. Wani ya sa kafinta ya yi ta gugar zanen da Allah Ya halicci itacen da shi, har katakon ya sirance, kuɗin kaya ya faɗi. Wani kuma ya shafe ɓarnar ƙwaro da fenti, ƙafar gado ta karye a hannun mai saye.

To, yaya za a bambance?

Da farko, shafa jiƙaƙƙen tsumma a wurin, sannan ka juya katakon. Zanen halitta yana bin tsawon itacen, kuma sau da yawa za ka gan shi ta ɗaya gefen. Tabon ruwa ko na mai kuwa a sama yake tsayawa.

Bagaruwa, wadda ake kira sunut a nan, cikinta ja ne, gefenta fari-fari. Launi biyu a ƙafa ɗaya ba cuta ba ce. Haka ma idon da reshe ya bari, matuƙar bai motsa ba in ka danna.

Katakon waje irin su zan da ballut suna da 'yan ɗige-ɗige da layuka masu sheƙi. Hanyoyin abincin itacen ne tun yana raye. Ko ka kwana kana guga ba za su fita ba.

Baƙin da ke kewaye ƙusa fa? Wannan ba halitta ba ne, amma ba ruɓa ba ce. Sinadarin nan da majema ke nema a 'ya'yan bagaruwa, shi ne ke haɗuwa da ƙarfe da danshi ya yi baƙi. Cire ƙusar, ka shafa lemun tsami, zai ragu.

Abin tsoro shi ne ƙananan huji masu zubar da gari, ko wurin da farce ke nutsewa. Ƙwanƙwasa: in ka ji kamar ganga, gara ta riga ka. Kada ka saya, kada kuma ka rufe ka sayar wa ɗan'uwanka.

Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.