Ma'anonin Kalmar "Mafaka"

Matuƙan jiragen ruwa na Ingila suna da kalmar "lee", watau ɓangaren da iska ba ta bugawa. A Hausa "mafaka" ce ta fi kusa da ita. Daga aikatau "fake" ta samo asali, bisa tsarin "makaranta" da "majema". Masuncin da hadari ya taso masa a madatsar ruwan Goronyo, gindin gaɓa yake nema ya fake. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa zuwa tsari daga abokan gaba, kamar ribaɗin Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837.

Sai dai mai fassara ya yi hattara. Ita "lee" shiyya ce, da iska ta juya sai ta koma ɗaya gefen jirgin. Mafaka kuwa wuri ce, tana nan inda take.