Maiƙon Abinci da Lafiyar Jijiyoyi a Ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan

Idan aka cire ruwan da ke cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da ya rage maiƙo ne. Kowace ƙwayar jijiya, wato 'yar halittar da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da laka da gaɓoɓi, tana cikin wata siririyar fata ta maiƙo, sannan dogon zaren da yawa daga cikinsu yana naɗe da wani rufi mai suna mayalin, wanda aikinsa ya yi kama da na robar da ke jikin wayar lantarki. Idan rufin ya zaizaye, saƙo yakan yi jinkiri ko ya ɓace, sai a ji ƙafa tana mutuwa ko tana zugi, kamar yadda masu daɗaɗɗen ciwon suga suke kokawa.

Maiƙo kuwa iri-iri ne, gwargwadon sinadaran da suka haɗa shi. Wanda ya fi ɗaukar hankalin masana shi ne DHA, ɗaya daga cikin dangin omega-3, wanda yake taruwa a ƙwaƙwalwa da bangon ido na ciki. Shi ne yake sa fatar ƙwayar jijiya ta yi laushi yadda saƙo zai ratsa ta cikin sauri, kuma a farkon shekarun 2000 masu bincike Nicolas Bazan da Charles Serhan na Amurka suka nuna cewa idan jijiya ta ji rauni, jiki yakan sarrafa DHA ya fitar da wani sinadari da ke kwantar da kumburi, ya hana ƙwayoyin da suka jikkata saurin mutuwa. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi tana tara DHA sosai a watanni 3 na ƙarshen ciki, bayan haihuwa kuma jariri ya ci gaba da samunsa a nonon uwa, gwargwadon abin da uwar take ci.

A Ikara da Makarfi da Kudan, ƙasar masara da rake da tumatir, tukunyar miya ta dogara ne ga man gyaɗa da manja. Man gyaɗa yana da nasa amfanin ga jijiyoyin jini, manja kuma yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, sai dai omega-3 ɗin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba, haka ma na riɗi. Abin mamaki shi ne waken suya, wanda manoman yankin suke nomawa su loda wa motoci a kai kamfanonin mai da na abincin kaji, kusan kashi 7 cikin ɗari na mansa wani omega-3 ne mai suna ALA. Jiki yana iya juya ALA zuwa DHA, amma ɗan kaɗan ne yake juyuwa, shi ya sa kifi mai maiƙo irin su taitus da shawa da sadin na gwangwani ya fi kaiwa ga biyan buƙata, domin a cikinsa DHA a shirye yake. Tarwaɗar da ake kiwo a tafki ba ta kai waɗannan ba.

Awara ita ce hanyar da waken suya ya fi shiga cikin mutane, kuma a kaskon suyarta ne ake yin asara. Man da aka soya awara ko ƙosai da shi yau, aka tace aka mayar gobe da jibi har ya yi baƙi yana kumfa, ya riga ya lalace, domin zafin da ake maimaitawa yana rusa maiƙo mai amfani, ya haifar da sinadaran da ke cutar da jijiyoyin jini, waɗanda toshewarsu ko fashewarsu ce ke kawo shanyewar ɓarin jiki. Mai tuya ba ta yin haka don mugunta, tsadar mai ce ta sa. Amma madarar waken suya da kunun da aka haɗa da garinsa ba sa buƙatar kasko ko kaɗan.

Ana kuma tallar ƙwayoyin man kifi da sunan maganin mantuwa. A shekarar 2010 aka wallafa sakamakon wani gwaji a Amurka, inda aka raba mutum 402 masu cutar Alzaima, wato gigin tsufan da ke cinye tunani sannu a hankali, aka ba wani kaso DHA tsawon wata 18, amma cutar ba ta sassauta ba. Alamun da bincike ya tara sun fi karkata ga rigakafi na shekara da shekaru ta hanyar abinci, kafin jijiya ta lalace. Saboda haka mai juna biyu da mai shayarwa su ne suka fi cancantar a ware musu kifin cefane, wanda kuma ya fara jin ƙafarsa tana mutuwa, ya je asibiti a auna masa suga da hawan jini kafin ya kashe kuɗinsa a kan kwalbar man kifi.